Ƙafa ta Uku

Taku huɗu suka rage. Na ja wayar har ta miƙe kamar tsirkiyar baka, na tsaya riƙe da shuɗin bakinta, ga turken wuta a gabana cikin hasken tocila, amma ta ƙi kaiwa. Ƙarfe takwas na dare ta gota, yayyafi ya ɗan tsagaita, yara suna cikin mota suna kukan sanyi da yunwa. A wannan tsayuwar na yanke shawarar da har yau in na tuna ta sai tsikar jikina ta tashi.

A 2022 na sayi motar, ta hannu, irin wadda Turawan Ingila ke kira motahom, Faransawa su ce kamfin-ka. Mota ce mai ɗaki a bayanta: gadaje huɗu, murhun gas, ƙaramin firiji, makewayi da tankin ruwa, an ɗora duka a kan ƙashin Fiat Ducato kamar da yawa daga irinta a Turai. Shekarata 14 a Birmingham, kuma duk hutun makaranta sai in ga maƙwabta sun kwashi iyali sun nufi ƙauyuka da bakin teku, mu kuwa muna gida. Na so yarana su san duniyar da suke girma a cikinta. Wuraren da irin waɗannan motoci ke kwana ni zango nake ce musu, don ban sami kalmar da ta fi ta ba: fili ne a bayan gari, mai ruwa da makewayi, inda matafiyi ke sauka ya kwana ya biya mai wuri, kamar yadda fatake suke yi a hanyar Gwanja. Sai dai maimakon turken ɗaure jaki, kusa da kowane masauki akwai wani gajeren ginshiƙi mai soket a jikinsa. Shi nake kira turken wuta.

Motar tana da wuta iri biyu. Akwai ta batir, mai bolt 12, wadda ke kunna fitilu da famfon ruwa, ita ko ka taɓa ba ta ja. Akwai kuma ta gari, mai bolt 230, wadda ke shigowa ta wata 'yar ƙofa a gefen motar, ta ciyar da soket-soket na ciki, ta cika batir, ta riƙe firiji. Abin da ke haɗa motar da turke waya ce mai kauri, ruwan goro, tsawonta mita 25, kowane zaren jan ƙarfe a cikinta yana da kaurin milimita 2.5 murabba'i. Bakinta shuɗi ne, mai ƙafa uku zagayayyu, ɗaya ta fi sauran kauri. Launin ba ado ba ne: a ƙa'idar IEC 60309 shuɗi na nufin bolt 200 zuwa 250, rawaya shi ne na wuraren gini a Ingila masu bolt 110, ja kuma na manyan injuna ne.

Ranar da na je ɗaukar motar, mai ita, wani dattijo da gwiwa ta hana shi tuƙi mai nisa, ya fito da wata 'yar jakar leda mai zif yana so ya nuna mini abin da ke ciki. Ya fara bayani ke nan na tare shi da murmushi. Na ce masa kada ya wahalar da kansa, ni na taso a inda kowane yaro rabin mai gyaran wuta ne. Ya dube ni, ya rufe zif ɗin, ya saka jakar a durowar da ke ƙarƙashin kujera. Ban sake waiwayarta ba.

Abin da na faɗa masa ba ƙarya ba ne. A Katsina na girma. Tun ina aji biyar na iya canza fiyus ɗin da ya ƙone da zaren waya. Na iya feƙe waya in cusa ta a soket in tokare da tsinken ashana. Na iya danna ramin sama da murfin biro don ƙofofin ƙasa su buɗe in saka filogi mai ƙafa biyu a soket mai uku. Na ja wutar inji daga shagon maƙwabci zuwa zaurenmu da waya mai haɗi biyar, kowane haɗi naɗe da salatef. A duk waɗannan shekaru ma'aunin aikinmu guda ɗaya ne, kalma biyu: ta kawo. In kwan fitila ya kama, an gama, an yi nasara. Ƙafa ta uku ta filogi, doguwar nan ta sama, ban taɓa sanin tana da wani aiki ba ban da buɗe ƙofar soket. In ta karye ma ba a damu ba. Sabo turken wawa, in ji magabata, kuma a wannan turken na ɗaure kaina shekara 30 ba tare da na sani ba.

Tafiyarmu ta farko zuwa ƙetare a hutun ƙarshen Oktoba ce. Babban ɗana yana karanta yaƙin duniya na biyu a makaranta, ya matsa sai ya ga gaɓar Normandi inda sojojin ƙawance suka sauka ranar 6 ga Yuni 1944. Muka hau jirgin ruwa daga Dover zuwa Calais, awa ɗaya da rabi, muka miƙa kudu maso yamma sama da kilomita 300, ruwa yana dukanmu tun azahar. Ko da muka isa zangon, kusa da Bayeux, an rufe ofis, an bar mana takarda a jikin ƙofa mai lambar buɗe shinge. Kaka ta yi nisa, motoci ba su fi shida ba a filin duka. Na zaɓi wuri ƙarƙashin bishiya kusa da famfo, na sha fama kafin na daidaita motar a kan 'yan tudun roba don kada gado ya karkace, na ja birki, sannan na fito da waya.

Gajartar wayar ce matsala ta farko. Ta biyu sai da na buɗe murfin turken na gan ta. Babu shuɗin soket da na saba gani a zangunan Ingila. Soket ɗin gida ne irin na Faransa, rami biyu zagayayyu, da wani ɗan ƙarfe da ya fito daga cikin soket ɗin kansa kamar ƙaho. Wanda ya taɓa tashi daga Katsina ya kwana a Maraɗi ya san wannan: da ka tsallake iyaka, filogin da ka zo da shi ya zama baƙo, domin Najeriya ta gaji na Ingila mai ƙafa uku masu kusurwa, Nijar kuma ta fi sabawa da na Faransa. Ƙarfin wutar ba shi ne damuwa ba, tun 1995 aka daidaita 240 ta Ingila da 220 ta sauran Turai a kan 230. Bakin ne ya bambanta. A jikin murfin an manna takarda mai lamba 10 da harafin A, wato amfiya 10.

Maman yara ta leƙo ta taga.

"Malam, mu haƙura da wutar nan yau mana. Ai akwai batir, akwai gas. Da safe sai ka tambayi masu wurin."

Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce. Hitar motar tana aiki da gas, batir zai riƙe fitilu kwana biyu. Na ce mata gas ɗin ƙiris ne, kuma tukunyar Ingila ba a musanya ta a Faransa, bakinsu ba ɗaya ba ne. Wannan ma gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Dalilina shi ne na gaji, ba na son sauko da motar daga tudun da na wahala kafin na hau, ba na son tsayawa da safe gaban ma'aikaciyar ofis ina kame-kame da Faransancin da ban iya ba, kuma sama da komai ba na son iyalina su ga na kawo su ƙasar mutane na kasa ba su wuta. Na ce mata ta ba ni minti goma.

A bayan motar akwai tsohuwar gangar waya da nake jawo wa injin yankan ciyawa wuta da ita a gida, mita 25, baƙa, siririya, mai soket huɗu a gefe. A jakar tafiyata akwai adaftar da na saya a filin jirgi shekarun baya don cajin waya, mai karɓar filogin Ingila ta fitar da ƙafa biyu. Akwai kuma guntuwar waya da nake amfani da ita in cika batir a ƙofar gida, filogin Ingila a kai ɗaya, shuɗin soket a ɗayan. Na haɗa su kamar jerin gwano: adafta a turke, filogin ganga a adafta, na warware taku huɗu kacal daga gangar, guntuwar waya a jikin ganga, doguwar waya a guntuwa, mota a ƙarshe. Da na ga ciyawa jiƙe take, sai na saka gangar cikin baƙar ledar shara na ɗaure bakinta, na kifa bokiti a kai. A raina wannan shi ne taka-tsantsan.

Na shiga mota na ɗaga makunni. Firiji ya yi ƙara, koren haske ya kama. Na juya na ce musu, "Ta kawo." Yara suka yi tafi. Na fito da hitar fanka mai wat 2,000, na kunna ta har ƙarshe, muka ci abinci, muka yi isha'i, muka kwanta cikin ɗumi.

A Normandi ƙarshen Oktoba rana ba ta fitowa sai bayan takwas da rabi. Bakwai saura kwata na tashi, duhu ne sosai, hita tana ta busa. Na zura silifa na roba, na ɗauki buta, na taka matakalar ƙarfen da ke bakin ƙofa na sauka. Na tsuguna a ciyawa na fara alwala. Na ji wani ɗan wari kamar na ƙonewar taya, na ɗauka wani ne ya kwana da murhu. Da na zo wanke ƙafa na tuɓe silifa, na dafa tafin ƙafata ta hagu a jiƙaƙƙiyar ciyawa, na miƙa hannun dama, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannu, na dafa matakalar don in daidaita.

Ban san yadda zan kwatanta ba sai dai in ce kamar an ɗaga taɓarya an maka mini a kafaɗa daga ciki. Haƙorana suka haɗu. Na ji ƙas daga wajen turke, hita ta yi shiru, na tsinci kaina zaune a ƙasa, buta ta kife. Innalillahi ce ta fito daga bakina da ƙarfi har maman yara ta farka. Ta taso za ta buɗe ƙofa, na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba tun aurenmu, na ce kada wanda ya sauko, kada wanda ya taɓa ƙarfe. Na rarrafa zuwa turke na fizge adaftar. Zafinta ya sa na yar da ita a ciyawa.

Hayaniyar ta tashi maƙwabcinmu, wani tsoho ɗan ƙasar Holan da ya zo da matarsa, wanda daga baya ya gaya mini aikin wutar jiragen ruwa ya yi har ya yi ritaya. Ya zo da fitila a goshi. Bai yi mini faɗa ba. Ya fara tambayata ko ƙirjina yana ciwo, ko ina jin bugun zuciyata daidai, ya ce lallai in ga likita a ranar ko da na ji garau, kuma na je. Sannan ya ɗaga bokitin da ƙafa. Ledar ta manne da gangar. Da ya yaga ta, wari ya turnuƙe mu. Zagayen waje na wayar yana nan kamar ba abin da ya same shi, amma da ya fara warwarewa sai ta ƙi. Daga zagaye na uku zuwa ciki robar ta narke ta haɗe wuri ɗaya kamar alewar da aka manta a wuta, kuma a wuri biyu jan ƙarfe yana leƙowa tsirara. Ya haska mini wata takarda a gefen gangar wadda shekara takwas ina da ita ban karanta ba: a warware wat 3,120, a naɗe wat 720.

A kan teburinsa na ninkewa, da kofin shayi a hannuna da bai daina rawa ba, ya zana mini abin da ya faru a bayan wata ambulan.

Duk wayar da wuta ke bi tana ɗumi, in ji shi, kuma ɗumin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin da aka ɗora: in ka ninka wutar sau biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Hitata da firiji da cajar batir suna jan kusan amfiya 10. A siririyar waya irin tawa wannan yana haifar da zafin wat 50 zuwa 60. In wayar a shimfiɗe take a ciyawa, iska ta kwashe shi, ko ɗumi ba za ka ji ba. In a naɗe take, kowane zagaye yana gasa na kusa da shi, na tsakiya ba shi da inda zai kai nasa. Ya ce in tuna tsohon kwan fitila mai wat 60, wanda bayan minti biyar ba ka iya riƙe shi da hannu, in ɗauka na naɗe shi a leda na kifa masa bokiti awa goma. Robar irin wannan waya ba a yi ta don ta wuce zafin digiri 60 zuwa 70 ba. Sababbin ganguna suna da ɗan maɓallin da ke katse wuta in sun yi zafi, tawa ba ta da shi. Birekar turke kuwa ba ta ga laifi ba, don ban wuce amfiya 10 da aka ba ni ba, fiyus ɗin filogi mai amfiya 13 shi ma haka. Su aikinsu ƙirga wutar da ta wuce, ba su san halin da wayar ke ciki ba.

Wannan shi ne rabin farko, kuma da a nan abin ya tsaya da asarar ganga kawai na yi. Ya ɗauki adaftar ya juya mini ita. Ramin da doguwar ƙafar filogin Ingila ke shiga roba ce zalla, babu ƙarfe a ciki. Ƙahon nan na soket ɗin Faransa, wanda shi ne wayar ƙasa, bai taɓa komai ba. Ke nan tun daga turke na yanke ƙafa ta uku.

Nan ne na fahimci abin da ban fahimta ba tun yarinta. Zare uku ne a cikin waya: mai kawo wuta, mai mayar da ita, da na ƙasa, mai launin kore da rawaya. Na ukun ba ya ɗaukar komai a ranar lafiya, shi ya sa muke ganin ba shi da amfani. An ajiye shi ne don ranar da wuta ta ɓalle ta taɓa ƙarfen da mutum ke taɓawa: sai ya kwashe ta da gudu zuwa ƙasa, na'urar tsaro ta gani ta katse, ba tare da kowa ya ma sani ba. A mota mai ɗaki an ɗaure wannan zaren da ƙashin motar gaba ɗaya. Kuma mota ba gida ba ce. Gida yana zaune a ƙasa, ita kuwa tana tsaye a kan taya huɗu na roba, ba abin da ya haɗa ta da ƙasa sai wannan zare ɗaya da ke bin waya zuwa turke. Da robar ta narke a cikin ganga, zaren mai wuta ya jingina da na ƙasa. Da hanyar a buɗe take zuwa turke, nan take za a ɗauke wuta, in farka cikin sanyi ina mita. Da yake na toshe ta, wutar ba ta da inda za ta sai ɗayan ɓangaren. Ta bi koren zare ta shiga motar. Matakala, ƙashin mota, duk wani ƙarfe da ke haɗe da shi, ya ɗauki bolt 230 ya yi shiru yana jiran wanda zai haɗa shi da ƙasa. Iyalina suna barci a ciki kamar tsuntsaye a kan wayar sama, lafiya lau muddin ba wanda ya sauko.

Motar tana da tata na'urar tsaro, amma ɓarnar ta faru ne kafin a iso gare ta, don haka ba ta ga komai ba. Wadda Allah ya sa ta zama sanadin tsirata ita ce ta jikin turke, wadda ake kira RCD. Ita ba nauyi take ƙirgawa ba. Tana auna abin da ya fita ta zare ɗaya da abin da ya dawo ta ɗayan, in ta ga giɓin da ya kai kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, ta san wuta ta sami wata hanya, sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Hanyar a wannan asubar ni ne, daga hannun dama zuwa ƙafar hagu, ta ƙirji. Abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba yana iya rikita bugun zuciya in ya daɗe, kuma jiƙaƙƙen jiki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa yana iya jan fiye da haka. Ƙa'idar wuta ta Ingila, BS 7671, ta ware sashe na 708 ga zanguna da na 721 ga motocin kansu, kuma ta wajabta wa kowane soket na turke irin wannan na'ura tasa shi kaɗai. Da can ina ganin irin waɗannan dokoki yawan fi'ili ne na Turawa. Wani da ban sani ba ya ɗaura wannan na'ura a wannan turke, ya kuma kula da ita har ta yi aiki ranar da aka buƙace ta. Ina yi masa fatan alheri duk inda yake.

Tsohon ya tambaye ni ko ina da abin gwaji. Na ce ban sani ba. Sai jakar nan mai zif ta faɗo mini a rai. Na ɗauko ta daga ƙarƙashin kujera, na buɗe a gabansa. A ciki akwai ɗan filogi mai fitilu uku, wanda ake cusawa a soket ya nuna ko wayar ƙasa tana nan, ko an juya zaruruwa. Akwai kuma guntuwar waya mai filogin Turai na gaske, mai ramin da ƙahon Faransa ke shiga, da shuɗin soket a ɗaya kan. Duk abin da nake buƙata a daren yana tare da ni tun daga Birmingham, a jakar da na hana mai ita ya buɗe mini. Abin da ya rage kawai in matsa da mota taku huɗu.

Wanda ya fi mini ciwo bai zo ba sai da rana ta fito. 'Yar autarmu, shekararta bakwai a lokacin, ita ce kullum ke fara fita daga motar da safe, kuma ba ta taɓa yarda ta saka takalmi, tana son jin raɓa a ƙafarta. Ta zo ta zauna kusa da ni tana kallon baƙin dunƙulen da ke ciyawa, ta ce, "Baba, me ya ƙone?" Na kasa ba ta amsa. Ƙafa ɗaya a matakala, ɗaya a ƙasa, haka take sauka. Na'urar turke wataƙila ta katse mata kamar yadda ta katse mini. Amma ba ni da haƙƙin jingina ran yarinya a kan wataƙila, kuma ban taɓa danna maɓallin gwajin na'urar ba balle in ce na san tana aiki.

Na sami maman yara ita kaɗai a wajen famfo, na ce ta yafe mini, ta ba ni shawara na ƙi ji, kuma ba don gas na ƙi ba, girman kai ne. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce Allah ya kiyaye gaba, amma daga yau in ta ce a tsaya a tambaya, a tsaya. Na ce na ɗauka.

Mun ci gaba da tafiyar, kuma mun yi wasu bayanta har Jamus. Yanzu kafin in daidaita mota sai na taka na ga inda turke yake da irin bakinsa. Ina kashe babban makunnin cikin mota, in warware wayar gaba ɗaya ko da taku biyar ne tsakanina da turke, in shimfiɗa ragowar a ciyawa zube-zube, ba a dunƙule ba. Ina fara haɗa kan mota sannan na turke, don kada in ratsa fili riƙe da waya mai wuta, in za mu tashi kuma na turke nake fara cirewa. Ba na haɗa waya biyu, in ba ta kai ba mota ce za ta matsa. Sai in danna maɓallin gwaji in ji ƙas, in cusa ɗan filogin mai fitilu. Sau biyu a Faransa ya nuna mini an juya zaruruwa, mai wuta ya koma wurin mai mayarwa. Su a tsarinsu bireka tana yanke duka biyun, amma makunnin soket ɗin Ingila da fiyus ɗin filogi a zare ɗaya suke, don haka kana iya kashe abu alhali cikinsa cike yake da wuta. Na sayi guntuwar waya ta musamman mai mayar da su daidai, na naɗa mata jan salatef don kada a rikita ta da sauran. Lissafin nauyi kuwa yara ma sun haddace: amfiya sau 230. Zango mai amfiya 16 yana ba ka wat 3,680, mai 10 ya ba ka 2,300, mai 6, wanda ba baƙo ba ne a Faransa, 1,380 kacal. Butar lantarki ta gidan Ingila ita kaɗai wat 3,000 take ci, shi ya sa tamu ta mota ƙarama ce, tana jan lokaci kafin ta tafasa, muna jira.

Ba na raina dabarun da na taso da su. Rashi ne ya koya mana su, kuma da su aka yi karatun dare aka ci jarrabawa, da su aka sanyaya ruwan buɗa-baki. Abin da nake zargin kaina da shi daban ne: na ɗauki iya sa wuta ta kawo a matsayin sanin wuta, har na ga ba ni da abin koya daga dattijon da ya shekara 20 yana kwana a zanguna.

Da na je gida Katsina bayan sallah, na tarar da wani tsumma ɗaure a hannun firijin mahaifiyata. Na tambayi ƙanwata, ta ce ai firijin yana ɗan ja in an taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, ya fi shekara biyu, sun saba. Ban zauna ba. Na aika aka kira mai gyaran wuta, na tsaya a kansa ya buɗe soket ɗin. Zare biyu ne a ciki, ramin na uku babu komai. Muka bi layin har akwatin mita, babu wayar ƙasa a gidan gaba ɗaya. Firijin ya tafi wajen gyara a ranar. Kwana biyu ana aiki: aka ja koren zare zuwa kowane soket, aka haƙa rami a bayan ɗakin girki aka kafa sandar jan ƙarfe, aka ɗaura RCD a akwati. Hajiya tana zaune a tabarma tana kallonmu, tana cewa wannan ɗawainiya duk ta mece ce, wuta ai tana kawowa. Da aka dawo da firijin na danna maɓallin gwaji a gabanta, fankar tsakar gida ta tsaya, na mayar, ta ci gaba da juyawa. Sannan na kwance tsumman daga hannun firijin, na jiƙa hannuna a buta, na tuɓe takalmi, na buɗe shi na ɗauko mata ruwa.